Yadda ake gane halin babbar lamba da biro da takarda

Ɗaliban da nake koya wa lissafi da yamma a Fagge sukan ja da baya idan suka ga doguwar lamba a allo, alhali kuwa lamba tana bayyana halinta ga wanda ya san inda zai taɓa ta. Bari mu ɗauki 27,720, mu ƙaddara ribar 'yan haɗaka ce a Kantin Kwari da ake son rabawa ba tare da ragowa ba.

A fara daga wutsiya. Tunda ta ƙare da sifili, cika ce, ba mara ba, kuma biyar da goma suna raba ta. Ukun ƙarshe, wato 720, takwas sau 90 ne, don haka takwas ma ta shiga. Sai a tara 2, 7, 7, 2 da 0, a sami 18, wanda ke nuna uku da tara sun raba ta.

Bakwai ce mai wahalar da yara, kuma a nan nake son a natsu. A yanke lambar gida biyu, 27 da 720, a cire ƙaramin daga babban, saura 693. Duk wadda ta raba 693 cikin 7, 11 da 13, to ta raba uwar lambar, saboda ukun nan idan aka ninka su da juna 1,001 suke bayarwa. Bakwai sau 99 ne 693, sha ɗaya kuma sau 63, amma sha uku ba ta shiga ba.

Yanzu an gano tubalanta, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu: 2 ta fito sau uku, 3 ta fito sau biyu, sai 5, 7 da 11 suka fito sau ɗai-ɗai. A ƙara ɗaya kan yawan fitowar kowanne, a ninka 4, 3, 2, 2 da 2, za a ga lambobi 96 ne ke raba ta. Ita ce ma mafi ƙanƙantar lambar da ɗaya zuwa sha biyu duka suke rabawa, shi ya sa nake ƙaunarta.

Game da ajinta, ana tara masu raba ta ban da ita kanta. Idan jimlar ta yi daidai da lambar, kamar 6 da 28, kammalalliya ce. Idan ta gaza, mai giɓi ce. Tamu ta ba da 84,600, saboda haka mai rara ce ƙwarai.

Sai dai a yi hattara da maƙwabciyarta, 27,721. Daga biyu har zuwa sha takwas babu mai raba ta, kuma na sha ganin ɗalibi ya ajiye biro a nan ya ce tubali ce. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da gwada tubalan da ba su wuce 166 ba, domin 167 sau 167 ya zarce lambar. Wanda ya daure zai tarar 19 ta raba ta, ta ba da 1,459.