Yadda za ki taimaki jinin jaririnki tun yana ciki

Yar uwa mai ciki, jinin jaririnki fa tun wajen sati na 3 yake fara haɗuwa, da farko a wata ƴar jaka da ke jikin tayin, daga baya hanta ta karɓi aikin, sai can ɓargo. A cikin kowace ƙwayar jini mai tasowa akwai wasu ƴan ɗakuna da ake kira mitokondiriya, nan ake haɗa him wato abin da ke sa jini ja yake ɗaukar iska, kuma akwai wani furotin mitoferin da aikinsa kenan ya shigo da ayon, wato sinadarin ƙarfe da ake haɗa him da shi, cikin ɗakin, in ayon bai isa ba ƙwayoyin sai su fito ƙanana ba kala, kuma ayon ɗin duk daga jikinki jaririn yake ɗiba.

To ki fara awo da wuri, kar ki jira sai ciki ya fito, ko Asibitin Murtala ko na unguwa a duba miki jini. Ƙwayar ƙarin jinin nan ki sha kullum, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai.

Abin da ke damuna shi ne shayi, wallahi na sha ganin mata sun haɗiye ƙwayar da shayi mai kauri, yana hana ayon shiga jiki. Ki sha da ruwa ko lemon zaƙi, shayin ki bari sai bayan awa 2. Zogale, alayyahu, wake da ɗan nama kar su ɓace a tukunyarki.