Kurakuran da ake yi wajen gano abin da ke kashe kajin gida

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, tambayar nan takan dawo: "Malam, kajina na mutuwa, wane magani zan ba su?" In ka tambayi mai kajin irin kashin da suke yi, bai duba ba. Wadda ta mutu kuma an jefar da ita bola tun da safe. Da wannan, ko likitan dabbobi ba abin da zai iya sai canki-canka.

Kuskuren da ya fi cin kaji shi ne ba da magani kafin a duba. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, sai a fasa kafso ja da yalo a ruwan sha, a ƙara barkono, gobe a jiƙa ɓawon maɗaci, jibi a sayo wani gari a leda mara suna. Kafson nan ba ya taɓa ƙwayar cutar Niyukasul, wadda ita ce ke share kajin gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba ya kashe tsutsar ciki, ba ya fito da ƙwan da ya maƙale. Abin da yake yi shi ne ya cinye maka kwana uku da ya kamata ka ware mara lafiya, sannan ya ɓata bincike, domin kazar da ta sha magani da wuya a gano ƙwayar da ke jikinta a ɗakin gwaji. Ruwan da aka cika wa ɗaci kuma kaza takan ƙi sha, ƙishirwa ta ƙarasa ta.

Ni dai ƙa'idata, ba na buɗe kowane magani sai na kama kazar a hannu. Fara da zanko da leɓe. In sun yi fari fat, jini ne ya ƙare, ka nemi tsutsa ko kaska. In sun yi shuɗi-shuɗi ga kai a kumbure, wannan babba ce, za mu dawo kanta. In ƙuraje ne masu ɓawo, musamman da damina lokacin sauro, ciwon ƙuraje ne, yawanci yakan warke cikin mako uku zuwa huɗu muddin bai shiga baki ba. Buɗe bakin ka duba ko akwai majina ko wani abu kamar cuku a manne, ka kara kunne ka ji ko numfashi na ƙara. Shafa ƙashin ƙirji: in ya fito kamar bakin wuƙa, ciwon ya yi makonni, ba na jiya ba ne. Jakar da ke gindin wuya, inda abinci ke fara taruwa, da sassafe ake taɓa ta kafin a ba da tsaba. Ya kamata a same ta wayam. In tana nan tauri kamar dutse, ko tana lugub-lugub da wari mai tsami, abinci ne ya tsaya. Sannan ka juya kazar ka buɗe gashin dubura, ka latsa cikinta a hankali tsakanin ƙafafu. Kaza mai ƙwai da ke tsayuwa a miƙe, jela ƙasa, tana ta yunƙuri, wataƙila ƙwai ne ya maƙale, kuma za ka ji shi da yatsa.

A daren, sa ta a kwali ita kaɗai, ka shimfiɗa farar takarda ko buhun siminti. Da safe kashin zai ba ka labari. Kore shar mai ruwa, ga haki, ga wasu wuyansu ya murɗe, Niyukasul ake zargi. Jini a kashin 'yan mako uku zuwa shida, cutar kashin jini ce da jiƙaƙƙen ƙasan akurki ke kawowa, maganinta amfuroliyam a ruwa kwana biyar. Fari mai ruwa a 'yan mako uku zuwa shida ɗin nan kuma, cutar da ake kira Gumboro ake zargi. Kada dai ka yanke hukunci da koren kashi kaɗai, domin duk kazar da ta daina cin abinci kashinta kan yi kore.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne wulla mushen bayan katanga. Haba jama'a! Kazar da ta mutu ita ce shaida guda da za ta faɗa maka abin da ke jiran sauran, kai kuma ka miƙa ta ga kare da ungulu su yi ta jan ta gida-gida suna raba cutar. Wasu ma sun fi haka: da sun ga ta fara layi sai a sa wuƙa kada ta zama mushe, a fige a tsakar gida, a watsa wa sauran kajin ruwan wankin da kayan ciki. Wasu su kwashe ragowar su kai kasuwa ranar da take ci. Wannan zalunci ne ga wanda zai saya ya kai cikin nasa.

A zafin ƙasarmu, mushen da ya wuce awa shida a waje ya fara ruɓa, hanta ta canza launi, ba abin da za a karanta a ciki. Ɗaure shi a leda biyu, ka sa a kula da ƙanƙara, amma kada ka daskarar da shi, daskarewa na lalata naman da za a gwada. Ka kai ofishin likitan dabbobi mafi kusa a ranar, tare da guda mai rai da ke nuna alamun kuma ba ta sha komai ba. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato duk suna wannan aikin.

In kaza ɗaya ce ta mutu kuma likita ya yi nisa, kana iya buɗe ta da kanka, nesa da akurki, da safar hannu ko leda. Jiƙa gashin da ruwan sabulu, kwantar da ita rigingine, ɓalle cinyoyin gefe, yanka fatar ciki, sannan ka datse haƙarƙari ta gefe biyu ka ɗaga ƙirjin kamar murfi. Kada ka yi saurin yanka, fara kallo. Hanta mai lafiya ja ce mai duhu, gefenta sirara. In ta kumbura ta koma launin tagulla, saifa ma ta girma, taifot ɗin kaji ake zargi, nan ne kafso na gaskiya ke da amfani, wanda likita ya zaɓa. In ta yi rawaya tana marmashewa ga gudan jini a kanta, kitse ne ya yi yawa. Ciki cike da abu kamar dafaffen gwaiduwa mai wari, ƙwai ne ya fashe ciki, ba ya yaɗuwa. Gaban ƙundu akwai wani ɗan ciki mai taushi. Tsaga shi ka wanke: ɗige-ɗigen jini kamar an soka allura alama ce mai ƙarfi ta Niyukasul. Tsaga ƙundun ma, a nan ake samun ƙusa, waya, ko irin shuka mai launin maganin ƙwari. Bi hanji da almakashi har ƙarshe, tsutsotsi farare masu tsawon yatsa ba sa ɓuya. In ka gama, ɗauki hoto, ka binne komai a rami mai zurfin mita ɗaya, ka wanke hannu da wuƙa.

Amma in uku ko biyar suka faɗi dare ɗaya, ga kumburin kai, ga jini a ƙarƙashin fatar ƙwauri, kada ka buɗe, kada ka yanka, kada yara su taɓa. Murar tsuntsaye ake zargi, wadda ta shigo Najeriya tun 2006, tana dawowa lokaci-lokaci, kuma tana kama mutum. Ka sanar da jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma nan take.

Saura ƙananan kurakurai. Duba akurki da rana kawai kuskure ne: kaskar kaji a tsagar bango take wuni, sai dare take fitowa shan jini, ka shiga da tocila bayan isha'i. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna guba ne ga hanta, shanya shi ba ya cire gubar. Daga Maris zuwa Mayu, ƙosasshiyar kaza da ta mutu da azahar baki buɗe, zafi ake fara zargi, tambayi inuwa da ruwa tukuna. Kuma ka tuna ko an shigo da sabon zakara ko zabo cikin mako biyun da suka wuce, domin sabon shiga sai ya yi kwana 14 a ware.

Rigakafi kuwa ba a yi wa mara lafiya. Na Niyukasul ɗigo ɗaya ne a ido, ina yi duk bayan wata uku, kuma ba na bari Oktoba ta wuce ban yi ba. In na ruwan sha ne, a hana su ruwa awa biyu, a haɗa da ruwan rijiya, ba na famfo mai sinadari ba, su shanye cikin awa biyu a inuwa.