Babi na Bakwai: Rubuta Abin da Ke Zuciya Kafin a Kunna Wiwi

Darasi na ɗaya

Ku buɗe sabon shafi a littafin rubutunku, ku ja layi biyu daga sama har ƙasa, domin shafin ya rabu gida uku. A gidan farko, wato na hannun hagu, za a rubuta lokacin da aka sha wiwi, a na tsakiya abin da zuciya take ji kafin a kunna, a na ƙarshe kuma yadda aka tashi washegari. Wanda ba ya sha, ya zauna da ɗansa ko ƙanensa su cika tare, ban da faɗa. Kada kowa ya ji kunya, domin binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6.

Darasi na biyu

Gidan tsakiya shi ne inda kowa yake tuntuɓe, saboda haka mu bi shi a hankali. Ba a tambaye ku abin da ya faru ba, an tambaye ku abin da kuka ji. Wanda ya rubuta "abokai sun kira ni majalisa" ya ba da labari ne kawai. Ya goge, ya ɗora hannu a ƙirjinsa, ya zaɓi kalma ɗaya daga allo: fargaba, zullumi, baƙin ciki, kaɗaici, nishaɗi. Ko hannu yana rawa, ko harafi ya karkace, madalla, in dai kalmar gaskiya ce.

Dalilin nacewata shi ne, masana sun lura cewa mai sha domin ya kori damuwa ya fi saurin kamuwa da jarabar wiwi a kan mai sha domin nishaɗi. Sinadarin THC da ke cikin ganyen yakan kwantar da hankalin wasu na 'yan sa'o'i, amma bashin da ya hana barci yana nan, ga kuɗin wiwi ya ƙaru a kansa. Idan jiki ya saba aka daina, sai saurin fushi da rashin barci da rashin cin abinci su biyo baya na mako ɗaya ko biyu, mutum ya ɗauka wiwi ce maganinsa.

Na sake faɗa: abin da kuka ji, kafin a kunna. Makon jiya na karɓi littattafai, yawancinsu "ba komai" na gani a gidan tsakiya. Haba jama'a! Magidanci mai iyali ba ya tashi ƙarfe 2 na dare yana naɗa takarda a kan ba komai. Ku goge, ku sake.

Darasi na uku

Bayan mako biyu, ku ƙirga kalmomin. Idan fargaba ko baƙin ciki sun mamaye shafin, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa, a ɗauki littafin a kai wa likita ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato.

Darasi na huɗu

A kwafe kalmomin allo biyar ɗin sau uku.