Yadda Ake Zaɓen Kayan Awon Lodin Wuta Mai Layi Uku a Masana'anta

Mitar kamfanin rarraba wuta jimla kawai take ba ka a ƙarshen wata. Ba za ta gaya maka cewa injin casa ne ke shanye wutar ba, ko kwamfiresan da aka manta a kunne har gari ya waye. Tun da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa Naira 225 a kan kowane kilowat-awa a watan Afrilun 2024, masu masana'antu a Sharada da Bompai da Challawa a Kano sun fara neman mitocinsu na cikin gida. Sai dai da yawa mita suke fara saye, sannan su dawo suna tunanin abin da za su auna da ita. Ga yadda ya kamata a jera aikin.

Da farko, ka tsayar da tambayar da kake neman amsarta. Idan so kake ka san ko taransfoma za ta ɗauki sabon inji, aikin mako ɗaya ne ko biyu: ka yi hayar na'urar tafi-da-gidanka irin Fluke 1735, a maƙala ta, ta tara bayanai, a cire. Idan kuwa so kake ka riƙa raba kuɗin wuta tsakanin sashe da sashe, ko ka san abin da kowane buhun shinkafa ya ci na wuta, to mita ta dindindin a jikin fanel kake bukata. Wanda kuma motocin lantarkin da ke juya injinansa ke ƙonewa a kai a kai, ingancin wutar ne damuwarsa, kuma wannan wata na'ura ce daban mai tsada.

Na biyu, ka san irin layinka. A yawancin masana'antunmu taransfoma na sauke wuta daga kilobolt 11 zuwa bolt 415 tsakanin layi da layi, kusan 240 tsakanin layi da nitiral. Babban fanel waya huɗu ne, layi uku da nitiral, amma wayar da ta tafi wa mota kai tsaye sau da yawa uku ce kawai. Mitar da za ka saya ta zama ana iya saita ta a kan duka biyun. Ka kuma duba inda canjoba yake. In ka ɗaura mita bayansa, wutar NEPA da ta janareta za su gauraye a lamba ɗaya, alhali farashinsu ba ɗaya ba ne. Ko dai ka sa mita biyu, ko ka nemi mai ma'aji biyu wadda ke sauya lissafi da zarar janareta ya tashi.

Na uku shi ne CT, zoben nan da ake zura waya ta cikinsa don ya rage amfiyar zuwa abin da mita za ta iya aunawa, kuma a nan ne aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Ƙananan mitoci irin Eastron SDM630 suna ɗaukar har amfiya 100 kai tsaye. Abin da ya wuce haka sai da CT uku, ɗaya a kowane layi. Girmansa kuma da lissafi ake fitar da shi. Taransfoma mai kVA 500 a kan bolt 415 tana ba da amfiya kusan 695 in ta cika, saboda haka CT mai 800/5, wato mai mayar da amfiya 800 zuwa 5, ya dace da ita. Mota mai kilowat 75 tana jan kusan amfiya 130, nata 150/5 ne ko 200/5. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo babba wai don gaba. CT mai 800/5 a kan wannan motar yana aiki ne a ƙasa da kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsa, inda kuskurensa ke ƙaruwa. Idan lodin yana sauka sosai da dare, ka nemi CT mai darajar daidaito 0.5S, domin shi yana riƙe daidaitonsa har ƙasa. In sa ido kawai kake yi, daraja 1 ta wadatar.

Akwai kuma tsawon waya, wanda kusan ba mai kula da shi. CT mai fitar da amfiya 5, in aka ja masa waya mai kauri 2.5mm² tsawon mita 10 zuwa fanel, wayar kaɗai tana cinye kusan VA 3.7 daga ƙarfin da CT ɗin ke iya ɗauka. Idan a jikinsa an rubuta 5VA, ka ga saura kaɗan ya ƙure. Inda nisa ya yi yawa, mai fitar da amfiya 1 ya fi, muddin mitar tana karɓarsa.

Shin za ka iya kashe wuta a kwance wayoyi? In za ka iya, zobe rufaffe ya fi araha kuma ya fi daidaito. In ba hali, akwai mai buɗewa biyu da ake ɗamewa a kan waya, akwai kuma igiyar Rogowski mai lanƙwasuwa, wadda ke zagaye faffaɗan ƙarfen tagulla a fanel mai matsi. Ita dai igiyar ba kowace mita ke karanta ta ba, sai ka tambaya kafin ka biya. Abu ɗaya kuma da ba a wasa da shi: kada a taɓa cire wayar S1 ko S2, wato wayoyin da suka fito daga CT zuwa mita, a bar ta a buɗe alhali lodi na tafiya. Wutar da ke tasowa a bakin wayar tana iya kashe mutum. A sa tashar haɗe bakin CT tun ranar ɗauri, domin duk mai zuwa canza mita ya fara haɗe su.

Sai mataki na huɗu, ita kanta mitar. Schneider PM5000, Siemens PAC3200, Janitza UMG 96, dukkansu masu fuskar milimita 96 a 96 ne da ake sakawa a ramin fanel, kuma kowacce za ta yi aiki. Sunan kamfani bai kai waɗannan muhimmanci ba: ta nuna bolt da amfiya na kowane layi daban, kilowat da kVA da fawa fakta (rabon kilowat a cikin kVA), da lodi mafi girma da aka taɓa kaiwa, wanda masu mitar MD, wato mitar manyan masu amfani da wuta, suka san zafinsa. Ganin kowane layi daban ba ado ba ne. Ɗan bambancin bolt tsakanin layuka yana haifar da bambancin amfiya ninki shida zuwa goma a cikin mota, daga nan sai zafi, sai ƙonewa. Idan kana da na'urorin sarrafa gudun mota ko injinan walda da yawa, lallai mitar ta zama True RMS, wato mai auna gurɓatacciyar wuta daidai, kuma mai nuna THD, wato yawan gurɓacewar, in ba haka ba za ta riƙa ba ka lambar da ba ita ba. Ka duba ƙura ma: fuskar da kariyarta daga ƙura da ruwa ba ta kai matakin IP54 ba tana shan wahala a injin niƙa lokacin hunturu.

Na biyar, ina lambobin za su je? Mitar da sai an aiki yaro da biro ya kwafo, bayan wata guda an daina kwafowa. Ka sayi mai Modbus ta RS-485, wato hanyar tura lambobin ta waya. Waya ɗaya mai garkuwa tana ɗaukar na'urori har 32, tana kai nisan mita 1,200, a jona su bi da bi zuwa kwamfuta ko akwatin da ke tura bayanai ta intanet. A sa wa akwatin ƙaramin batir, don kada bayanai su yanke duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Ranar da aka kunna, kada ka sallami mai ɗauri sai kun tsaya gaban mitar tare. A shigar da girman CT daidai, sannan a gwada amfiyar kowane layi da mitar hannu mai baki. Idan wani layi ya nuna kilowat da alamar ragi, an juya CT ɗinsa, fuskar da aka rubuta wa P1 ce ya kamata ta kalli inda wuta ke fitowa. Idan fawa fakta ya faɗo wajen 0.3 ko ya yi ta hauka alhali motoci na tafiya lafiya, an saɓa: CT na jan layi yana haɗe da bolt na layi ruwan ɗorawa. A kashe wuta, a haɗe bakin CT, a gyara, a sake gwadawa, sannan a rubuta girman kowane CT da fenti a ƙofar fanel.