Yadda za ki rage sinadarin leda a abincinki

Zafi da maiƙo su ne ke jawo sinadarin roba ya shige abinci, irin su BPA da ake zargin yana rikita sinadaran jiki masu kula da haihuwa. To in za ki yi alale ki haƙura da ƙulla shi a leda, ƙaramin kwanon silba ko ganye ya fi, ni dai tun ranar da na ga leda ta narke ta manne jikin malmalar tuwo na daina wallahi. In za a sayo koko kuma, a tura yaro da kofi. Juya gindin robarki ki duba lambar da ke nuna nau'in robar, 3 da 6 da 7 kar su ga zafi, 5 ta fi juriya. Fiya wata ma kar a barshi a rana.