Yadda ake cewa "jama'ar gari" da Turanci, da inda muke yawan tuntuɓe

Wata Asabar bayan la'asar, sakataren ƙungiyar unguwarmu ya iske ni a ƙofar gida da takarda a hannu. Wasiƙa ce za su kai wa shugaban ƙaramar hukuma a kan taransifomar da ta ƙone tun kafin azumi. Ya ce, "Malam, a ɗan duba mana Turancin kafin a kai a buga." Na karanta layin farko: "We, the entire citizenries of this ward, is appealing." Na tura masa kujera na ce, "Sakatare, zauna tukuna. Wannan layin kaɗai zai kai mu magariba."

Tushen matsalar shi ne, mu da Hausa kalma ɗaya, jama'a, tana yi mana aikin da Bature ya raba wa kalmomi biyar ko shida. In mun zo yin Turanci sai mu ɗauki wadda ta fi cika baki, mu kuma liƙa mata s a ƙarshe don a san mutanen da yawa.

To ai citizenry ta riga ta tara mutanen. Ma'anarta 'yan ƙasa a dunƙule, kamar yadda runduna take nufin sojoji a dunƙule. Wanda ya ce rundunoni ba yawan sojojin runduna ɗaya yake nufi ba, yana nufin akwai runduna nan akwai wata can. Haka citizenries, ba ta da wurin zama sai ana maganar 'yan ƙasashe daban-daban, kuma ko a nan ɗin da wuya ka ji ta. Ko dai ka ce the citizenry, ko ka huta ka ce citizens. Ƙanwarta a wannan ciwo ita ce electorate. Da zaɓe ya matso za ka ga "the electorates" a jaridu da Facebook, alhali masu zaɓen ƙasa guda ake nufi. Daidai shi ne the electorate, ko voters. A Ostireliya da New Zealand ma electorates mazaɓu take nufi, wato yankunan da 'yan majalisa ke wakilta, don haka wanda ya rubuta cewa electorates sun fusata ya ce mazaɓu ne suka yi fushi.

People ita ce ta fi kowacce yawo a baki, ita ce kuma aka fi zalunta. Da Hausa kana iya cewa jama'a ta watse, kana iya cewa jama'a sun watse, babu mai ɗaga maka gira. Wannan sassaucin ne ke jan ɗalibi ya rubuta "people is suffering". People jam'i ce, abokan tafiyarta are da were da have. Peoples kuwa kalma ce ta gaskiya, sai dai al'ummomi take nufi. Dubi manyan takardu uku. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya buɗe da "We the People", na Najeriya na 1999 shi ma da "We the people", domin kowannensu al'umma ɗaya ce ke magana. Yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 kuma "We the peoples" ta ce, saboda al'ummomi ne barkatai suka haɗu. Saboda haka mutanen da suka cika kasuwar Kurmi people ne komai yawansu. In kana lissafa Hausawa da Kanuri da Nufawa da Zabarmawa, a nan ne peoples za ta shigo.

Sassaucin nan namu akwai shi a Turanci, sai dai a kan wasu kalmomin: public, community, citizenry, electorate. Mutanen Ingila suna cewa "the community is" in sun kalli abin a dunƙule, su ce "the community are" in ɗaiɗaikun mutanen ke ransu. Amurkawa sun fi tsayawa a kan is. Duk wadda ka bi ta yi, abin da ba a so shi ne ka fara jimla da is ka ƙarasa ta da are. A wasiƙar Sakatare ma babu zaɓi, tun da "we" ya fara, dole are ta biyo.

Sai tagwayen da kunne ba ya rabewa, populace da populous, furucinsu ɗaya. Ta farko suna ce, jama'ar wuri. Ta biyu siffa ce, mai yawan jama'a. A ƙidayar 2006 Kano ce ta zo "the most populous state" da mutum miliyan 9.4, kuma wannan adadin shi ne population ɗinta.

Wurin da na fi daɗewa da Sakatare shi ne ko mutanen unguwarmu citizens ne ma tukuna. Akwai mai shagon ɗinki ɗan Maraɗi, akwai masu sayar da kayan gyaran mota daga kudu, kuma duhun nan tare muke shan sa. Citizen ɗan ƙasa ne, mai fasfo da ƙuri'a. Resident mazauni ne, ko daga ina ya fito. Indigene ɗan asali ne, kalmar da ta yi kaka-gida a Turancin Najeriya har ta shiga sashe na 147 na tsarin mulki, inda aka ce ministan da za a ɗauko daga jiha ya kasance ɗan asalinta. A waje da wuya a ji ta, can "a native of Katsina" ko "from Katsina" suke cewa. Wanda ya sa indigenes a takardar neman wuta ya cire rabin unguwa daga kuka ba tare da ya sani ba.

Kada kuma ka ƙirƙiro wa Kanawa ko Zazzagawa suna da Turanci. Hausa na da ɗafin -awa da ke hawa garuruwa da dama. Turanci ba shi da doka ɗaya: Londoner, Lagosian, mutumin Manchester kuma Mancunian. Inda babu sananniyar kalma, "the people of Kano" ta wadatar. A lura da harafi ɗaya tak da ke tsakanin Nigerian, ɗan Najeriya, da Nigerien, ɗan Nijar.

Muka gyara layin ya koma "We, the residents of this ward, are appealing." Sakatare ya karanta sau biyu, ya yamutsa fuska. "Malam, Turancin ya yi sauƙi da yawa, kada ciyaman ya raina mu. A mayar mana da entire ɗin nan ko ita kaɗai." Na ce masa entire ba ta hawa jam'i, "the entire residents" kuskure ne irin na farko. Ko ya ce "all the residents", ko ya ce "the entire community". Ya zaɓi ta biyun, ya rubuta ta da jan biro a gefen takarda, daidai lokacin da ladan ya buɗe lasifikar masallaci mai aiki da batir.