Idan injin wanki ya ƙi juyawa, ku duba nan kafin kiran mai gyara

Salam 'yan uwa, masu injin wanki musamman mai baki biyun nan, ba kullum ba ne mota, wato na'urar da ke juya shi, ke ƙonewa idan ya tsaya. Da farko dai a zare shi daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba, sai a zubar da ruwan a kwashe kayan, a sa hannu a juya faifan nan na ƙasa. In ya cije ko kun ji yana karta to wani abu ne ya shige ƙarƙashinsa, yawanci fil ɗin hijabi ne ko ƙarfen rigar mama ko zare da gashi da suka nannaɗe sandar. Noti ɗaya ne a tsakiyar faifan, ku kwance da sukundireba ku ɗago shi a hankali don roba ce tana tsagewa, ku haska tocila ku tsince komai tas.

In kuma yana juyawa sakayau ba nauyi amma kuna jin mota na aiki, buɗe murfin baya, bel ne ya zame ko ya tsinke, a tafi kasuwa da tsohon bel ɗin don a samo lambarsa daidai.

Wani lokacin ma wuta ce ta yi lo, sai ya riƙa gurnani kawai, ku kashe ku jira. Amma in wuta ta cika yana gurnanin kuma sai an tura shi da hannu yake tashi, kafasita ce, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa motar ta tashi, ita kam kar a taɓa don tana riƙe wuta ko bayan an zare, a bar wa mai gyara.